Kafin ka bari a cire wa Hilux ɗinka tamostat

In kana bin shafukan 'yan mota a TikTok ko Facebook, ka sha ganinta: Hilux mai shan gas, an ɗaga mata ƙafa, an ɗaura mata ƙaton ƙarfe a gaba da fitilu reras, an taɓa kwamfutarta don ta ƙara gudu. Kowa na yabawa. Abin da ba a ɗorawa shi ne ranar da irin wannan mota ke tsayawa tsakanin Gusau da Sakkwato a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, bonet a buɗe, tururi na tashi.

Ko motar ta gidanku ce, ko ta ogan da kake yi wa tuƙi, ya kamata ka san inda zafin yake fitowa. Hayaƙin injin ne ke juya turbo, juyin da kan wuce dubu 100 a minti ɗaya, kuma hayaƙin kan haura digiri 600 in motar na jan kaya a hawa. Aikin turbo shi ne cusa iska cikin injin, iskar da aka matse kuwa zafi take yi. Duk wanda ya ƙara wa injin ƙarfi, ya ƙara masa wuta ke nan.

To da allura ta fara hawa, me ake ce maka a gareji? "Wannan tamostat na ƙasar sanyi ne, a cire shi." Maganar na da daɗin ji, amma ba haka abin yake ba. Tamostat 'yar ƙofa ce da ke tsare ruwa cikin injin har ya ɗumama, sannan ta buɗe a wajen digiri 82 ta sake shi zuwa lagireto. In ka cire ta, da safe a lokacin hunturu injin zai daɗe bai ɗauki zafin aikinsa ba, ya sha mai, ya tara baƙin toka, ƙarafansa su riƙa cin juna. Wani abin kuma da kanikawa ba su cika faɗa ba: a injuna da yawa, tamostat ɗin ne ke toshe wata gajeriyar hanyar ruwa idan ya buɗe. Babu shi, wani kaso na ruwan zai dinga zagaye cikin injin bai leƙa lagireto ba. Wato ka cire abu don gudun zafi, ka sayo zafi. In ya lalace, a sa sabo, shi ke nan.

Gara ka fara da abubuwan da ba su da tsada. Fankar Hilux tana da kulochi mai man silikon a ciki. In ya gaji, za ka ga tana juyawa lafiya lau amma ba ta jan iska, musamman a cunkoso. Murfin lagireto ma ba ado ba ne: shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100, ya kai shi kusan 120. Robarsa ta tsage, magana ta ƙare. Sai ruwan kansa. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin tsatsa da farin ɓawo irin na cikin butar shayi, su toshe 'yan bututun lagireto. Ruwan sanyaya inji na asali ba don ƙanƙara kawai aka yi shi ba, yana hana tsatsa.

Sai bayan nan ake maganar babban lagireto na alminiyam. Yana taimaka wa mai jan kaya, amma fa iska yake ci. In ƙarfen gaba da fitilun gayu sun tare masa fuska, ƙurar hunturu ta cika ƙofofinsa, kuɗinka ka zubar. Haka intakula, mai sanyaya iskar turbo. A tsofaffin Hilux masu injin 1KD da 2KD, a saman injin yake zaune, shi ya sa kake ganin baki a bonet ɗinsu. A samfurin da ya fito a 2015 an mayar da shi gaba. Wasu na yin irin wannan sauyi a tsofaffin, sai dai ka sani iskar da ta ratsa shi da ɗuminta za ta isa lagireto.

A ganina, kuɗin da ya fi amfani shi ne na ma'auni. Allurar gaban direba a motoci da dama tana zama a tsakiya ne har sai abu ya yi nisa. 'Yar na'urar OBD da ake haɗawa da waya za ta nuna maka ainihin lambar zafin ruwa, ka sassauta ƙafa tun kafin gasket ya ƙone.

In kuma allurar ta riga ta kai ja, ka sauka gefen titi, kada ka taɓa murfin nan sai injin ya huce. Ruwan da ke ƙarƙashinsa ya wuce tafasa, kuma fuskarka ce a saitinsa.