Katafilar Haƙa Ƙasa: Sassanta da Yadda Ake Gane Cutarta

Kalmar katafila asalinta sunan kamfani ne, wato Caterpillar, wanda aka kafa a Amurka a shekarar 1925. Kamar yadda omo ya zama sunan kowane garin sabulu, haka Hausawa suka laƙaba wannan suna ga duk wata mota mai tafiya a kan kaca, ko da ta Komatsu ce ta Japan, ko mai ture ƙasa ce ko mai haƙa ta. Wannan maƙala ta taƙaita ne a kan mai haƙa, wadda ke da dogon hannu da bokiti a bakinsa.

Galibin kalmomin sana'ar na aro ne, amma sun sha gyara. Alal misali, lagireto da giris daga Ingilishi suke, tiyo kuwa daga Faransanci. Shi kansa makaniki an mayar da shi bakanike, jam'insa kanikawa, sai ka ce sunan wata ƙabila. Abin lura shi ne, sunayen sassa aka ara, amma idan aka zo bayanin matsala sai a koma ga kalmomin jikin ɗan Adam: injin ya yi tari, ya shaƙe, yana shan mai, hannu ya mutu.

Wannan kwatance bai kauce wa gaskiya ba. Injin mai amfani da man gas shi ke juya famfo, famfo ya tura man haidirolik ta cikin tiyo zuwa silindoji, su kuma su miƙe ko su lanƙwasa hannun. Man nan shi ne jininta. Idan ya yi fari kamar madara, ruwa ya shige shi. Idan ya yi kumfa, iska ce famfo ke zuƙa. Idan kuwa aka ɗaga hannu aka bar shi, sa'an nan ya riƙa saukowa da kansa, to, sau da yawa robar cikin silinda ce ta cinye. Wanda bai san wannan ba sai ya ɗora laifin a kan famfo, ya kashe maƙudan kuɗi, alhali kuwa cutar na nan.

Hayaƙi ma magana yake yi. Baƙi yana nuna mai ya fi iska yawa, kuma a lokacin hunturu matatar iska ake fara dubawa, domin ƙura ke toshe ta. Shuɗi alama ce ta injin yana ƙona baƙin mai. Fari kuma, in ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya ɗumama, ko man gas ne bai ƙone ba ko ruwan lagireto ya sami hanyar shiga.

Ba a lissafa aikin katafila da mil, da awa ake yi. Akan canza baƙin mai bayan awa 250 ko 500, gwargwadon ƙirar injin. Giris a gaɓoɓin bokiti da tsiyaye ruwa daga matatar man gas ayyuka ne na kowace safiya. Kaca kuma in ta yi ɗauri ta ci ƙafafun da take bi, in ta yi sako-sako ta kuɓuce.

Akwai abin da ƙwararru ba su yi wa yaran gareji sassauci a kansa: ba a laluben yoyon tiyo da hannu. Ƙarfin man yakan huda fata ya shiga tsoka, har ta kai ga yanke yatsa. Da guntun kwali ake nema, kuma kafin a kwance kowane tiyo sai an ajiye bokiti a ƙasa, an kashe injin, an saki matsin da ya rage.