Uwar garke: yadda ake girka na'urar da ke riƙe alƙaluman lafiyar Dakoro

A gidajen likita na gundumar Dakoro, mai tazarar fiye da kilomita 100 arewa da birnin Maradi, ma'aikata na ƙidaya yaran da aka yi wa rigakafi, da matan da suka haihu, da waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya kama. Ana shigar da alƙaluman cikin manhajar DHIS2, wadda ma'aikatar kiwon lafiya ta Nijar ke aiki da ita, kamar wasu ƙasashe fiye da 70. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ce ke jagorantar rubuta ta, kuma kyauta ake samun ta.

Sai dai alƙaluman ba su zama cikin kwamfutar ma'aikacin. Suna bi ta intanet zuwa wata babbar kwamfuta da ba a kashewa dare da rana, wadda ake kira uwar garke. Idan ta tsaya, rahoton Dakoro ba zai kai ga masu tsara rabon magani ba.

Yaya ake girka ta?

Kamar ginin ɗaki ne, daga harsashi ake farawa. Harsashin shi ne tsarin da ke tafiyar da na'urar, galibi Linux samfurin Ubuntu. Sabon Ubuntu mai dogon zango yana fitowa a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, kamar na 2024, ana kuma ci gaba da toshe masa kafofin kutse har shekara biyar.

A kansa ake ɗora Java, harshen da aka rubuta DHIS2 da shi, sai PostgreSQL, rumbun da ke ajiye bayanan, sannan Tomcat, mai karɓar buƙatun masu shiga ta intanet. Dole ne zubin kowannensu ya dace da na sauran. Idan aka sabunta ɗaya ba tare da an duba ba, manhajar na iya ƙin tashi.

Ina ake gwada gyara?

Babbar ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce kada a gwada sabon abu a kan uwar garken da jama'a ke aiki da ita. Akan tanadi wata ta daban don gwaji. Idan ana son ƙara sabon gurbi a takardar rahoto, can za a fara, sai an ga ya yi daidai a kai shi ga ta aiki.

Nan ne Git ke da amfani, manhajar da Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya rubuta a 2005. Tana rubuta kowane canji, da wanda ya yi shi, da ranar da ya yi. In gyara ya ɓata aiki, sai a koma kan na jiya. Wasu kuma na amfani da Docker, da ta fito a 2013, wadda ke killace kowace manhaja da kayan aikinta don kada ta taɓa ƴar'uwarta.

Me ke barazana gare ta?

Na farko wuta. A watan Agustan 2023 Najeriya ta katse lantarkin da take bai wa Nijar, garuruwa da dama suka sha duhu. Uwar garke na buƙatar batirin ko-ta-kwana da janareta ko hasken rana, da ɗaki mai sanyi wanda ƙura ba ta shiga.

Na biyu ƴan kutse. Kowane ma'aikaci da mabuɗinsa na shiga, ba a raba kalmar sirri ɗaya tsakanin mutum biyar, kuma wanda ya bar aiki a rufe ƙofarsa ranar.

Na uku asarar bayanai. Kamar yadda manomi ke ware iri daban da hatsin ci, haka ake kwafe rumbun bayanai kullum a ajiye a wani wurin, a riƙa gwada mayar da shi don a tabbatar yana aiki.

Wanda bai yi wannan tanadi da rani ba, zai ji a jikinsa da damina, lokacin da zazzaɓi ke cika gidajen likita kuma ake jiran alƙaluman Dakoro a san yawan maganin da za a tura.