Idan Ambaliya Ta Zo Da Dare, Kada Kowa Ya Ɓace

Jama'a, ambaliya ba ta sallama. A daren 9 ga Satumba 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Kafin wayewar gari ruwa ya mamaye unguwanni da yawa a Maiduguri. Dubban mutane sun fita da gudu cikin duhu, iyaye da yawa suka rabu da 'ya'yansu. Haka kuma ruwan wannan madatsa ya taɓa yi wa garin a 1994.

Abin da ya faru a birni yana iya faruwa a ƙauye, musamman garuruwan bakin kogi da na fadama. A lokacin gudu, wanda ba a ganinsa shi ne ke ɓacewa. Don haka kowane maigida ya yi wannan shiri tun kafin damina ta yi nisa.

Na farko, a zaɓi wurin haɗuwa. Ya zama kan tudu ne, kamar makarantar firamare ko ƙofar gidan dagaci idan suna bisa. Kowa a gidan ya san wurin, har da yara.

Na biyu, a tanadi haske. Iska da ruwa suna kashe aci-balbal da fitilar ƙwai. A sayi tocila da batir, a ɗaure su cikin leda, a rataye kusa da ƙofa. Wanda ke gaba ya riƙe ɗaya, wanda ke baya ya riƙe ɗaya.

Na uku, a sa fararen kaya ko masu haske. Baƙin tufafi yana sajewa da dare. Ko farin ƙyalle ne a ɗaura wa yaro a ka, za a hango shi. A kan titi ma direba ya fi saurin ganin mai fararen kaya.

Na huɗu, a raba aiki. Kowane babba ya san yaron da zai riƙe. A goya ƙanana sosai. A san wanda zai kama hannun tsoho, makaho ko mai juna biyu. A bai wa manyan yara usur, don ƙararsa ta fi ihu zuwa nesa.

Na biyar, a rubuta sunan yaro, sunan mahaifinsa, garinsu da lambar waya a takarda. A naɗe ta cikin leda, a ɗinke a rigarsa. Wanda ya iya rubutu ya taimaki maƙwabcinsa.

Idan an fita, a ƙirga mutane a ƙofar gida. A sake ƙirgawa da an isa tudu. Idan babu wani, a gaya wa mai unguwa da masu ceto nan take. Kada uwa ta koma cikin ruwa ita kaɗai.

A guji ratsa ruwa mai gudu. Ko da idon sahu kaɗai ya ɗan wuce, yana iya kada ƙato. A nisanci wayar lantarki da ta faɗi, a kuma kula da macizai. Kada a tsaya jan akuya ko buhun hatsi yara na jira. Lambar neman agajin gaggawa a Nijeriya ita ce 112.

Maigida, tara iyalinka yau da maraice. Ku gwada fita tare sau ɗaya, ku ga wa aka bari a baya. Rigakafi ya fi magani.