Mota Biyu, Mita Ɗaya: Yadda Iyali Ke Raba Wuta Ga Motocinsu Na Lantarki

A wannan mako za mu duba wata matsala da ta fara damun magidanta a ƙasashen da motoci masu aiki da lantarki suka yi yawa. Sa'ad da iyali suka sayi irin wannan mota ta farko, sukan kafa caja a bangon gida, shi ke nan magana ta ƙare. Amma ran da ta biyu ta shigo sai tambayoyi su taso. Wa zai fara caji? Za a sayi caja ta biyu ne? Wayoyin gidan za su iya ɗaukar nauyin kuwa, ko kuma gobara ake gayyata?

Wannan ba zancen nesa ba ne. A ƙasar Norwe, cikin kowace sabuwar mota 100 da aka sayar a shekara ta 2024, kusan 89 masu lantarki ne zalla. Ƙasar Habasha ma a farkon 2024 ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan fetur ko gas. Amma mun zaɓi mu ɗauki misalinmu daga Birtaniya, gama wutar gidajensu irin tamu ce: ƙarfinta bolt 230, soket ɗinsu kuma mai ƙafa uku ne kamar wanda ke bangon ɗakunanmu. A Ingila kuwa, wajen gida ɗaya cikin uku yana da mota biyu ko fiye, saboda haka matsalar ta riga ta iso ƙofarsu.

NAWA MOTA KE SHA?

Bari mu fara da abin da kowa ya sani, wato yunit ɗin da muke saye a mita. Yunit ɗaya shi ne wutar da abu mai ƙarfin kilowat ɗaya, kamar dutsen guga, yake sha cikin awa guda. Matsakaiciyar motar lantarki tana cin yunit 15 zuwa 20 a tafiyar kilomita 100. Batirin Nissan Leaf da aka fi sani yana ɗaukar yunit 40, babban batirin Hyundai Kona na farko kuma yunit 64.

Hanya biyu ce ake cajin mota a gida. Ta farko ita ce a jona ta da soket na bango, wanda ke ba da wajen kilowat 2.3. Wannan yana da nawa ƙwarai, domin cika batirin Kona daga ƙasa zai ci fiye da kwana guda. Ta biyu ita ce a kafa caja ta musamman, wadda ke jan amfiya 32, wato kilowat 7 da 'yan kai. Amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudu cikin waya, kamar yadda ake auna yawan ruwan da ke bi ta bututu. Da irin wannan caja, batirin nan zai cika cikin awa tara zuwa goma.

Mu lura fa, kilowat 7 ba abin wasa ba ne. Daidai yake da a kunna dutsen guga bakwai gaba ɗaya, a bar su suna aiki tun daga magariba har asuba ba hutawa. Ba wani kayan gida da ke jan wuta mai yawa haka na tsawon lokaci haka.

INDA MATSALAR TAKE

Kowane gida yana da babban fiyus a bakin inda wuta ke shigowa. A Birtaniya yawanci mai amfiya 60 ne, ko 80, ko 100. Shi ne iyakar abin da dukan gidan zai iya ja a lokaci ɗaya, kuma mallakar kamfanin wuta ne, ba a yarda mai gida ya taɓa shi ba.

To, ga lissafin. Caja ɗaya amfiya 32 ce, biyu kuwa 64. A gidan da fiyus ɗinsa 60 ne, motocin kaɗai sun riga sun wuce iyaka tun ba a kunna ko ƙwan fitila ba. A gidan da ke da 100 ma, idan yaro ya shiga wanka da na'urar dumama ruwa mai jan kusan amfiya 40, uwargida kuma ta jona butar shayi mai jan 13, jimilla ta kai 117. Gaskiyar Hausawa da suka ce taura biyu ba ta taunuwa.

In fiyus ya ƙone, an yi sa'a, gama duhu ne kawai da jiran ma'aikatan kamfani. Abin tsoro shi ne waya. Zafin da waya ke yi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar da ke cikinta: in wutar ta ninka sau biyu, zafin yakan ninka sau huɗu. Duk inda aka yi haɗi mai sako-sako, ko aka sa siririyar waya, nan zafin zai taru a hankali cikin dare, sa'ad da kowa ke barci.

Har wa yau, akwai tsofaffin gidaje a Birtaniya da ke raba kebul ɗaya da maƙwabci daga titi. A irin waɗannan, wanda ya ja fiye da kima ya taɓa hakkin na kusa da shi. Shi ya sa doka ta ce dole a sanar da kamfanin da ke kula da layin wuta duk lokacin da aka kafa caja, kuma in jimillar bukatar gidan za ta wuce amfiya 60, sai an nemi izini tun kafin a fara aiki.

LISSAFIN DA KE KWANTAR DA HANKALI

Kuskuren da mutane da yawa ke yi shi ne su ɗauka kowace mota sai ta cika daga ƙasa zuwa sama kowane dare. Ba haka ba ne. Wanda ya ɗebi bokiti biyu daga randa, bokiti biyu zai mayar, ba randa guda ba. A Birtaniya matsakaicin abin da mota ke yi bai wuce wajen kilomita 30 a rana ba, wato yunit 5 ko 6. Mota biyu, yunit 12. Caja ɗaya mai kilowat 7 za ta mayar da wannan duka cikin ƙasa da awa biyu.

Saboda haka, abin da ya kamata iyali su fara yi kafin su kashe ko sisi shi ne su ɗauki biro da takarda, su rubuta tafiyar kowace mota na mako biyu. Daga wannan lissafi ne za a san wace hanya ta dace da gidan cikin waɗannan huɗu.

Ta fari, caja ɗaya a riƙa karɓa-karɓa. Wannan ita ce mafi araha, kuma ta ishi yawancin gidaje. Motar maigida yau, ta uwargida gobe, ko kuwa mai doguwar tafiya da safe shi ke da caja a daren. Abin da ake bukata shi ne a kafa cajar a tsakiya, da waya mai tsawon da zai kai ga kowace mota ba sai an sake fakin ba. Sauran aikin na haƙuri ne da shawara. Rigimar da kan taso a nan ba ta lantarki ba ce: wani ya cire wa wani waya bai faɗa ba, gari ya waye ba a iya kai yara makaranta ba. A zauna tun da wuri a tsai da doka, kowa ya san ranarsa.

Ta biyu, caja ɗaya ga motar da ta fi aiki, ɗayar kuma a jona ta da soket. Awa goma a soket na ba da yunit 20 da ɗoriya, abin da zai kai mota fiye da kilomita 100. Amma lalle soket ɗin ya zama mai inganci, da layinsa na kansa, wanda ƙwararre ya duba. Kada a kuskura a yi amfani da doguwar wayar ƙari, balle wadda ke naɗe, domin naɗaɗɗiyar waya ba ta samun iska, sai ta yi ta zafi har robarta ta narke.

Ta uku, caja biyu masu raba wuta tsakaninsu. Waɗannan suna magana da juna. In mota ɗaya ce a jone, sai ta sami amfiya 32 duka. In ta biyu ta zo, sai kowace ta karɓi 16, in ɗaya ta ƙoshi kuma sai ragowar ta koma wa 'yar'uwarta. Cajar kamfanin Tesla mai suna Wall Connector tana iya haɗa har guda shida ta wannan hanya. Bugu da ƙari, ana maƙala wani ɗan zobe a kan babbar wayar da ke shigowa gidan, wanda ke auna dukan wutar da ake ja. Da zarar an kunna murhun lantarki, sai cajar ta rage nata, har ƙasa zuwa amfiya 6 ko ta dakata, in an kashe kuma ta koma aiki. Cajar Zappi da ake ƙerawa a Ingila tana cikin masu yin haka. Da wannan dabara cajar ba za ta sa fiyus ya wuce iyakarsa ba.

Ta huɗu, a jawo wuta mai layi uku, wadda ke ba da kilowat 11 ko 22. Wannan tana da tsada sosai, gama sau da yawa sai an haƙa titi an sauya kebul. Kuma kada a ruɗe: kowace mota tana da iyakar abin da take iya karɓa, da yawa ba sa wuce kilowat 7 ko 11 komai girman cajar. Wannan hanya ta dace da masu motocin haya ko gida mai mota uku zuwa sama da ke doguwar tafiya kullum.

DARE YA FI ARAHA

Tun daga 30 ga Yuni, 2022, doka a Ingila da Sikotland da Wales ta ce duk cajar gida da za a sayar ta zo a shirye don kauce wa lokacin da jama'a suka fi jan wuta, wato ƙarfe 8 zuwa 11 na safe da ƙarfe 4 na yamma zuwa 10 na dare a ranakun aiki, ko da yake mai ita yana iya sauyawa. Kuma kowace caja takan yi jinkiri na ɗan lokaci, har zuwa minti goma, domin kada dubban motoci su afka wa layi a daƙiƙa ɗaya. Kamfanoni irin su Octopus Energy suna sayar da wutar tsakar dare da rahusa na awa biyar ko shida. Awa biyar a kilowat 7 yunit 35 ne, kusan ninki uku na abin da mota biyu ke bukata a rana.

ABIN DA YA SHAFE MU

A nan gida ma abin ya fara leƙowa. An nuna Hyundai Kona da aka harhaɗa a Legas a 2020. A 2021 aka buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, a ƙarshen 2023 kuma gwamnatin Borno ta fito da motocin haya masu lantarki a Maiduguri. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, babura da kekuna masu ƙafa uku masu batir suna ƙara samun shiga. Gidan da ke da biyu ko uku daga cikinsu yana fuskantar irin wannan lissafi, ko da yake nauyinsu bai kai na mota ba.

Sai dai namu yana da ƙarin wuya. Wutarmu ba ta da tabbas, kuma taransifomar unguwa sau da yawa ta riga ta gaji. Caja biyu masu kilowat 7 a gida ɗaya suna iya jawo wa maƙwabta ƙarancin wuta. Ƙaramin janareta da muka saba gani a shaguna bai kai ko kilowat ɗaya ba, don haka ba ya cikin lissafi. Abin da muke da shi a yalwace shi ne rana. A arewa, faifan sola shida masu wat 500 kowanne suna iya ba da wajen yunit 12 a yini mai haske. Iyali sai su tsara: motar da ke wuni a gida ta sha rana, wadda ke fita aiki kuma ta jira wutar dare.

Kowace hanya aka bi, akwai abubuwa uku da ba a rangwame a kansu. Caja ta sami layinta na kanta tun daga akwatin raba wuta, da waya mai kaurin da ya dace. A haɗa wayar ƙasa yadda ya kamata, tare da na'urar da ke yanke wuta nan take in ta fara zurarewa. Kuma ma'aikacin lantarki mai takardar shaida ne zai yi aikin, ya auna nauyin gidan duka kafin ya ɗaura komai, a kuma sanar da kamfanin rarraba wuta na yankin. Masu babura kuma kada su yi cajin batir a ɗakin kwana ko a bakin ƙofar fita. Araha ba ta ado, kuɗin da aka tsimi a kan waya ba zai biya gidan da ya ƙone ba.

'Yan'uwa, mota ta biyu ba lalle ta bukaci wuta ninki biyu ba. Abin da take bukata shi ne lissafi, da tsari, da mutanen gida masu ba juna hanya. Mu ƙidaya tafiyarmu, mu san iyakar wayarmu, mu kuma tuna da maƙwabcin da muke sha daga taransifoma ɗaya.