Iya Ruwa Fidda Kai: Yadda Uwargida Za Ta Fita Daga Bashi

Yau zancenmu a kan bashi ne. Hausawa dai sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma akwai wanda ciwo ko gobara ke jefa mutum ciki ba shiri. To amma wanda za mu duba yau shi ne wanda muke jawo wa kanmu don kashe abin da ya fi ƙarfin samunmu.

Mu fara da tushen abin a nan ƙasar Yawuri. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin ya zama abin dogaron gidaje masu yawa, daga Yelwa zuwa Wara har ƙauyukan Shanga. Wani gidan kifi ne abincinsa, wani albasa, wani shinkafa. Dukkansu halinsu ɗaya: kuɗinsu lokaci gare su. Ruwa yakan cika, yakan kuma janye. Albasa takan faɗi warwas lokacin da kowa ya cire tasa, sai bayan watanni ta yi tsada. Amma biki bai san kaka ba, bai san bazara ba. Sai ki ga mace ta auna rayuwarta da watan da aka fi samu, sauran watannin kuma bashi ne ke cike giɓin.

Ga kuma al'adarmu ta biki. Ƙawa ta kawo miki dubu 2 ranar suna, ke kuma ran nata ki kai dubu 4, in ya sake zagayowa ta ninka. Wannan bashi ne, ko da ba mu kira shi da sunansa ba. Ki haɗa da anko, da kayan ɗaki, da gara. Sannan rayuwa ta ƙara tsada. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mai injin jirgin ruwa da mai injin ban-ruwa duk sun ji a jikinsu. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Komai ya canza, tsarin bikinmu ne kawai bai motsa ba.

To, yaya za a fita?

Abu na farko, ki rubuta. Ki samu littafi, ko ki sa ɗanki ɗan makaranta ya rubuta miki, da boko ko da ajami: wa ke binki, nawa ne, yaushe kika yi alkawari. Mai shago, dillaliya, uwar adashe, mai ɗinki, kowa ya shiga. Mata da yawa suna tsoron wannan lissafi, shi ya sa suke kwana da fargabar abin da ba su san girmansa ba. Ku tuna, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Na biyu, ki toshe ɓarakar. Duk matuƙin kwalekwale ya san ba a kwashe ruwa alhali ramin yana buɗe. Daga yau babu sabon bashi sai na ciwo ko na abinci. Anko ya fito? Ki buɗe akwati ki ɗauko atamfarki mai kyau ki je ki yi Allah-sanya-alheri. Ƙawar biki kuwa, ki zauna da ita ku yanke magana: a daina ninki, kowa ta kawo abin da ya sawwaƙa. Kada ki yi mamaki in kin tarar ita ma neman hanyar faɗa miki take yi. Za a yi surutu, gaskiya ne, amma na mako guda ne. Masu surutun ba za su taya ki biya ba.

Na uku, ki jera basussukan, domin ba duka ne nauyinsu ɗaya ba. Wanda ke haihuwa shi za ki fara kashewa. Misali, kin karɓi dubu 20 a kan za ki riƙa ba da ruwan dubu 4 duk wata. Cikin wata 5 kin biya dubu 20 cif, amma uwar kuɗin tana nan ba ta ragu da ko kwabo ba. Haka ba-da-kaka yake: a ba maigida kuɗi da damina, da kaka a kwashe buhu a farashin da bai kai rabin darajarsa ba, bazara ta yi ku koma saye da tsada. Sai kuma bashin waya, wanda ake tura wa mutum cikin minti kaɗan. Wasu masu wannan harka sukan kwashe lambobin da ke cikin wayarki, in kin makara su aika wa dangi da surukai saƙon tozarci. Abin ya yi ƙamari har a 2022 hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayayya, wato FCCPC, ta wajabta musu rajista, a 2023 kuma kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan mutane. Duk da haka akwai masu bi ta bayan fage. Don Allah kada ki ci bashin waya don ki biya wani bashin. Ban da haramcin riba, wannan haƙa rami ne don a cike rami.

Na huɗu, ki daina ɓuya. Sauya hanya don kada ki bi ta ƙofar mai shago, ko tura yaro ya ce ba kya nan, ƙara fusata mai kuɗi yake yi. Ki je da ƙafarki, ko ki tafi da wata dattijuwa da yake jin nauyinta, ki ce: "Alhaji, ban manta ba. Dubu 30 ne. Duk ranar kasuwa zan kawo dubu 2." Ki faɗi abin da za ki iya, ki kuma cika. Addini ya umarci mai bin bashi ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, kuma yawancin mutane sukan yi haƙuri in sun ga gaskiya.

Na biyar, ki duba ɗakinki. Akwai kwanukan da aka jera tun ranar tarewa ba a taɓa cin abinci a ciki ba, akwai zannuwan da ba a ɗinka ba. Ki rage su ki biya. Amma ki kula, kada ki taɓa abin da ke kawo kuɗi. Keken ɗinki, injin markaɗe, akuya mai ciki, jarin da kike sarin kifi ki banda, waɗannan su ne za su fitar da ke. Wadda ta sayar da jarinta ta biya bashi, bayan wata biyu za ta sake ci.

Na shida, ki yi aiki da lokacin samu. Ranar da aka sayar da albasa ko shinkafa, ko kifi ya yi kasuwa, kafin kuɗin su kwana a raba su uku: na bashi, na abincin watannin rashi, na jari. Adashe ma abu ne mai kyau, in dai zubin bai fi ƙarfinki ba. Tun kafin kwasarki ta zo ki san inda za ta, in ba haka ba biki ne zai cinye ta.

Saura maganar maigida. Na san akwai masu ɓoye bashi don tsoron faɗa. To 'yar uwa, gara ya ji daga bakinki da ya ji daga bakin mai kuɗi a ƙofar gida. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, ki nuna masa littafin da tsarin da kika yi. Ku kuma maza masu saurarenmu, ku faɗa wa iyalanku gaskiyar samunku, domin mace ba ta iya auna tuwo in ba ta san yawan garin ba. Wadda kuma bashi ya yi wa katutu har ta rasa mafita, ta sani cewa mabarta suna cikin mutum takwas da aka ambata a Suratut Tauba cewa zakka ta halatta gare su. Ta nemi malamin unguwa ya yi mata bayani.

Kada mu ɗauki abin da wasa. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya taɓa dakatawa daga yi wa wani mamaci salla saboda bashi, sai da sahabi Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Tsalle ɗaya ake faɗawa rijiya, fitowa kuwa sai a hankali. Ki fara da littafin nan yau da dare.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya biya wa kowa bukatarsa. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.