Ƙaramar Lasifika Mai Tsada: Abin da Mai Sayen Ta Hannu Zai Duba

A kasuwar kayan sauti na gwanjo akan tarar da 'yar lasifikar da tsawonta bai wuce na rular ɗalibi ba, ta shekara arba'in a duniya, amma kuɗinta ya fi na sabuwa mai girman akwatin tufafi. Kafin mutum ya ce wauta ce ko hikima, ya kamata ya san abin da ƙaramar lasifika take iyawa, da abin da ba za ta taɓa iyawa ba komai tsadarta.

Sauti dai kaɗawar iska ce. A cikin lasifika akwai maganaɗisu, da naɗin siririyar waya, da wani faifai mai siffar mazurari. Idan lantarki ya bi ta cikin naɗin, sai ya riƙa tura faifan gaba da baya, faifan kuma ya tura iska. Kunnen matashi mai lafiya yana jin kaɗawa daga sau 20 zuwa kimanin sau 20,000 a daƙiƙa guda. Siririn sauti ba ya buƙatar iska mai yawa. Kakkaura, irin na babban tambari, shi ne matsalar: duk lokacin da yawan kaɗawa ya ragu da rabi, sai faifan ya motsa iska ninki huɗu kafin ƙarar ta tsaya yadda take. Saboda haka masu ƙira suke da wata ƙa'ida da ake jingina wa injiniyan Amurka Anton Hofmann: ƙanƙantar akwati, da zurfin amo, da ƙarancin cin wuta, biyu kaɗai ake samu daga cikin ukun nan.

Misali mafi shahara shi ne LS3/5a, wadda sashen bincike na BBC a Ingila ya ƙera a shekarun 1970. An yi ta ne domin motocin ɗaukar shirye-shirye a waje, inda wuri ya yi ƙunci kuma injiniya yana son jin muryar mai magana kamar yadda take. Cikin akwatinta bai wuce lita biyar ba, an yi shi da katako mai falle-falle na kaurin milimita 12, aka manna masa kwalta daga ciki don kada ya riƙa amsa amo. Faifanta babba mai faɗin milimita 110 da ƙaramin na siririn sauti duk na kamfanin KEF ne, kuma kamfanoni irin su Rogers da Spendor da Harbeth sun ƙera ta da lasisin BBC. A wajen fitar da muryar ɗan Adam, har yau ana buga misali da ita. Amma ƙasa da kaɗawa 70 a daƙiƙa sautinta yakan dusashe, kuma wat ɗaya na wuta desibel 83 ko kusa da haka yake ba ta. Tun da ƙarin desibel uku yana cin ninkin wuta, lasifikar da take ba da 89 za ta yi ƙara iri ɗaya da rubu'in wutar. Wanda yake son ɗaki ya girgiza ranar biki, ba wannan ce tasa ba.

To, idan ƙaramar ce ta dace da ɗakinka, saura batun tsufa, kuma nan ne ake asarar kuɗi. Fara da zoben da ya kewaye bakin faifan. Idan na soso ne, yakan ruɓe bayan shekara goma sha biyar zuwa ashirin, zafi da laima kuma suna gaggauta haka. Na roba ya fi daɗewa, sai dai yakan sandare. Daga nan ka ɗora yatsu a kewayen tsakiyar babban faifan, ka danna a hankali kuma daidai wa daida. Ya kamata ya shiga ya dawo shiru. In ka ji ƙaiƙayi kamar ana goga yashi, naɗin wayar ya ƙone ko ya karkace. Kada ka taɓa ƙaramin faifan ko kaɗan.

Akwai gwaji biyu da ɗalibin kimiyya zai iya yi. Na farko, taɓa wayoyin lasifikar da batir mai bolt 1.5 na ɗan lokaci: faifan zai leƙo waje ko ya nutsa. In aka haɗa su iri ɗaya, dole lasifikun biyu su motsa ta fuska ɗaya. In sun saɓa, wani ya taɓa buɗe ɗaya ya juya waya. Na biyu, auna turjiyarsu da mitar lantarki. Wadda aka rubuta wa om 8 takan nuna tsakanin 5 da 7, wannan ba aibi ba ne. Abin tsoro shi ne biyun su sha bamban da juna sosai.

Wannan daidaito shi ne ainihin abin da ake biya a lasifika mai daraja, domin bibbiyu ake auna su tun daga masana'anta. Duba lambobin da ke bayansu ko suna bin juna. Ita LS3/5a ma an sauya ta daga om 15 zuwa om 11 a ƙarshen shekarun 1980, don haka a tabbata duka biyun zubi ɗaya ne. Sukurori masu rauni a ka alama ce ta an canja faifai, kuma wadda aka sa wa baƙon faifai, suna kawai ya rage mata.

Gwajin ƙarshe na kunne ne, kuma a ganina magana ta fi kiɗa tona asiri, don kowa ya san yadda muryar mutum take. Ajiye su kimanin mita biyu tsakani, nesa kaɗan da bango, ƙaramin faifan daidai tsayin kunnenka. Sa labaran rediyo, murya ɗaya ta fito ta duka biyun. In lafiyarsu ƙalau, za ka ji mai karanta labaran a tsaye tsakiya, inda babu lasifika. In muryar ta zame gefe guda, ko harafin "s" ya dushe a ɓangare ɗaya, ƙaramin faifan can ya gaji, ko kuwa wata kafasita a cikin akwatin ta bushe. Kafasita tana da sauƙin canjawa. Asalin faifan da aka daina ƙerawa kuwa, sai an sha wuya kafin a samu.