Ko Ka Sani? Bawul ɗin Zuciya da Ake Dasawa ta Bututu da Cutar da Ke Kama Shi

Bawul ɗin da ke bakin babbar jijiyar jini ta zuciya yakan ƙanƙance da tsufa, har jini ya riƙa fita da ƙyar. A da sai an tsaga ƙirji ake sauya shi. A ranar 16 ga Afrilu 2002, likita Alain Cribier ya dasa sabo ta siririn bututu a birnin Rouen na Faransa. Yanzu yawanci ta jijiyar matsematsi ake zura bututun. Bawul ɗin ragar ƙarfe ce da aka ɗinka wa tantanin zuciyar saniya, a wasu samfuran kuma na alade. Ana buɗe shi a cikin tsohon, ya danne shi gefe.

Ƙarfe da mataccen tantani ba su da garkuwar jiki, don haka ƙwayoyin bakteriya da suka shiga jini sukan sami wurin maƙalewa su yi tsiro, su haddasa cuta. Wani bincike da mujallar JAMA ta buga a 2016 ya duba marasa lafiya fiye da 20,000 da aka dasa wa wannan bawul, ya sami 250 da cutar ta kama, wato kusan mutum 1 cikin 100 a shekara. Adadin kaɗan ne, amma kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka kamu sun rasu tun suna asibiti. Ƙwayar da ta fi yawa ita ce enterokokus, mai zama a hanji da mafitsara, kusa da inda bututun ya shiga. Masu ciwon suga da waɗanda sabon bawul ɗinsu ke yoyo ta gefe sun fi shiga haɗari.

Alamun cutar ba su da tsari: zazzaɓi, kasala, haki, wani lokaci shanyewar ɓarin jiki. A gari irin Kuyello da ke Birnin Gwari, inda ake ɗaukar kusan kowane zazzaɓi a matsayin na cizon sauro, nan matsalar take, domin maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka saya a kemis yana iya ɓoye ƙwayar daga gwajin jini. Tabbatar da cutar na buƙatar renon ƙwayar daga jini da hoton zuciya ta maƙogwaro, aikin manyan asibitoci irin na koyarwa da ke Shika a Zariya. Maganinta allura ce ta jijiya na aƙalla makonni 6. Ba kasafai ake tiyata ba, domin galibin masu wannan bawul tsofaffi ne da tun farko aka ga ba za su jure tsaga ƙirji ba.